Ranar da Baffa Ya Kai Kansa Kotu

Baffa ba mugu ba ne. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kafin wani ya ji an ambaci kotu ya ɗauka labarin azzalumi zan bayar. Mutum ne gajere mai ɗan tumbi, mai fara'a, wanda ba ya wuce gidan ɗan'uwa bai leƙa ba. Ya yi aikin kai-da-kawon takardu a wani ofis har ya yi ritaya, don haka duk dangi, in abu ya haɗa da banki ko asibiti ko ofis, shi ake sawa a gaba. Cutarsa ɗaya ce: dabara ta yi masa yawa. Ba ya iya ganin kuɗi a ajiye sai ya ji tausayinsu, wai suna zaman banza.

Yayansa kafinta ne, ya rasu ya bar 'ya'ya mata biyu, mahaifiyarsu kuwa ta riga shi da jimawa. Babbar tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, kowa Yaya yake ce mata. Ƙaramar ita ce Auta, wadda tun tana rarrafe take ɗaure wa kajin gida ƙafa da tsumma wai tana yi musu jinya. Tare da su akwai Goggo, yayar marigayin da Baffa duka, tsohuwar da ba ta iya riƙe magana a ciki.

Kafin ciwo ya kwantar da kafinta, ya sayar da injinan shagonsa, ya ware kuɗin daban da gado, ya ce na karatun Auta ne. Da yake Auta ba ta kai munzali ba a lokacin, sai ya damƙa wa ƙanensa, aka zuba a banki da sunan Baffa. Ai kuwa Baffa ya sami labarin bayarwa. Ba taron da za a yi bai ba da shi ba: yadda yayansa ya duba duk dangi bai ga mai amana kamarsa ba.

Shekaru suka tura, Auta ta gama sakandare, ta ci jarrabawa, makarantar koyon aikin jinya ta ba ta gurbi. Sharaɗi ɗaya suka sa: a biya kafin a buɗe makaranta, in ba haka ba gurbin ya koma ga wata. Yaya ta ajiye almakashi, ta yafa gyale, ta ja Auta sai gidan Baffa.

Suka same shi a ƙofar gida da bokiti da tsumma, yana wanke wata farar bas. Fara dai a da. Yanzu gefe ɗaya ya yi kalar ƙasa, ƙofar baya an ɗaure ta da igiya, tayoyin ko wanne da irinsa. Suka durƙusa suka gaishe shi, Yaya ta faɗi abin da ya kawo su.

Baffa ya washe baki, ya daki jikin motar da tafin hannu. "Ai kin zo a daidai, 'yata. Auta, gai da karatunki."

Auta ta dubi motar, ta dubi Yaya. "Baffa, wane karatu?"

"Ga shi nan a gabanki! Kuɗi a banki barci suke yi. Wannan kuwa, da ta hau titi, kullum sai ta haihu. Karatun jinya me? Har likita sai kin zama."

"To yaushe ta fara hawa titin?" in ji Yaya.

"Ta fara. Sau da yawa ma ta fara. Makanike ne dai bai gama fahimtar ta ba."

Da suka isa gida Yaya ta kwashe labari ta gaya wa Goggo. Goggo ce ta yi maganar mutum uku. Ta aika aka kira Baffa, ta zaunar da shi a tsakar gida, ta wanke shi tas.

"Sarkin Dabara! Ba kai ne ka sayar da akuyar Innarmu ka sayo agwagin da suka tashi sama ba? Yanzu abin ya kai kan marainiya?"

"Haba Yaya Babba, agwagin nan iska ce ta yi yawa a shekarar."

"Ka sayar da gwangwanin nan ka kawo kuɗin yarinya."

"A sayar? Yanzu da ta kusa fara kawowa? Ku ba ni 'yan watanni."

"Makarantar ta ce za ta jira ka ne?"

Aka yi zaman farko, aka yi na biyu, aka kira dattijan dangi aka yi na uku. Ko wanne da shayi ake farawa, da "a yi haƙuri" ake tashi. Ranar buɗe makaranta kuwa tana ta matsowa. Auta ta daina cin abinci sosai. Farin yadin da Yaya ta saya don ɗinka mata rigar makaranta yana nan a ninke kan keken ɗinki, ba wanda ke son ya dube shi.

Wata safiya Yaya ta ce, "Goggo, lauya zan gani."

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Can ta ce, "Ƙanena ne, ciki ɗaya. Amma wanda ke ƙasa ma ƙanena ne. Je ki. Sai dai fa ki fara gaya masa. Ba a gidan nan za a kai babba ƙara ya ji a bakin titi ba."

Haka Yaya ta koma, ta durƙusa, kanta a sunkuye, ta ce, "Baffa, ka gafarce ni. Kotu zan kai maganar."

Ta zaci zai yi faɗa. Baffa ya ajiye tsumma, ya goge hannu, ya ce, "Wane lauya kika samu?"

"Akwai wani a bayan tasha, an ce…"

"Mai ofis kusa da masu faci? Subhanallahi! Wannan ko ƙarar kaza aka ba shi sai ta sha ruwa. Ke, in za ku kai ni ƙara, ku kai ni yadda ya kamata, kada ku ba ni kunya a gari. Akwai wata lauya a benen da ke kallon banki, mace ce kamar wuta. Gobe ku shirya, ni zan kai ku."

"Baffa, kai fa ake ƙara."

"Na ji. Shi ya sa nake so a samu mai kai, wadda za ta gane kasuwanci. Da ta ji bayanina, ita da kanta za ta ba ku haƙuri."

Ofishin Lauya ɗaki biyu ne a hawa na biyu. Na waje da benci da fankar da ke juyawa kamar tana jin barci, na ciki da tebur cike da fayil-fayil da baƙar riga a rataye bayan ƙofa. Lauya mace ce siririya mai tabarau, ba ta ɓata magana. Baffa ya shiga gaba, ya ja wa kowa kujera, ya zauna a tsakiya, ya gabatar da kowa.

"Madalla," in ji Lauya. "To wa ake ƙara?"

"Ni ne," in ji Baffa, yana gyara zama.

Lauya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Baba, kai ne wanda ake ƙara, kuma kai ka kawo su?"

"To wa zai kawo su? Marayu ne fa."

"Allah ya saka da alheri. Amma sai ka jira a waje. Ba zan ji bayaninsu kana zaune ba."

Baffa ya fita yana gunaguni wai zamani ya lalace. Aka rufe ƙofa. Yaya ta zayyana komai, Auta na share hawaye da gefen mayafi. Lauya ta yi ta rubutu, sannan ta ajiye biro.

"Gaskiya zan gaya muku. Wanda aka ba amana don wani abu, in ya karkatar da ita, kotu tana iya tilasta masa ya mayar, ta kuma karɓe amanar daga hannunsa. Amma kuɗin da sunansa suke a banki. Mahaifinku ya rubuta wani abu?"

"Babanmu katako yake rubuta wa," in ji Yaya. "Da baki suka yi."

"A gaban wa?"

"Su biyu ne a ɗakin asibiti."

"To nan gizo ke saƙar. In ya ce kyauta aka ba shi, ko bashi yake bin marigayin, ba mu da shaida."

Sai ga murya ta ratso ƙofa: "Wace irin kyauta? Ni ne shaida! A gabana ya faɗa, na karatun Auta ne!"

Lauya ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago ta buɗe ƙofa, ta tarar da Baffa ya jawo benci har jikin ƙyauren.

"Baba, don Allah ka nemi lauyanka. Hakkinka ne, kuma ina ba ka shawara tsakani da Allah."

"'Yata, na yi shekaru ina kai wa lauyoyi takarda. Abin da za su faɗa, ni ma na iya."

Lauya ta gwada sulhu a nan take, ta ce a sayar da mota a huta. Baffa ya ce ko kusa. Sai ta shigar da ƙara, ta roƙi kotu ta saurare su da gaggawa saboda gurbin Auta, aka kuwa sa musu rana.

Ranar shari'a, tun da safe sai ga ƙarar hon a ƙofar gida. Baffa ne cikin babbar riga sabuwar guga, a bayan sitiyarin farar bas.

"Ku shigo. Ba za ku ɓata kuɗi a motar haya ba ga taku."

"Ni ba zan shiga ba," in ji Yaya.

"Shiga," in ji Goggo, tana tattare zani tana hawa. "Kuɗin ubanku ne. Ko sau ɗaya ku ɗana."

Tafiya ta yi daɗi da farko. Kujerun motar, a gaskiya, masu laushi ne. Baffa yana ta bayani kan ƙarfin injin, yana ɗaga wa mutane hannu. Suna isa ɗan hawan da ke kaiwa ƙofar kotu, motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu murus.

Baffa ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Ya waiwayo da murmushi. "Ba komai. Turi kaɗan take so."

Abin da mutanen titin suka gani ke nan a ranar: masu ƙara biyu a baya suna turi, gumi na zuba, wanda ake ƙara a gaba yana cewa "Ku ƙara ƙarfi, ta kusa!", Goggo kuma ta leƙo ta taga tana ba da umarni. Mai sayar da lemo da wani ɗan sanda suka tausaya suka sa hannu. Lauya ta iso da motarta, ta rage gudu, ta sauke gilashi.

"Me nake gani haka?"

"Shaida muke turawa," in ji Yaya tana haki.

Ɗakin shari'ar ba babba ba ne. Benci-benci na katako, tagogi a buɗe, akawu a ƙasa da tarin fayil, Alƙali a sama, dattijo mai furfura a gemu. Ya dubi baƙin man da ya ɓata rigar Yaya, ya tambayi dalilin makara. Kafin Lauya ta buɗe baki Baffa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, laifin batir ne. Amma injin lafiya lau. Ga ta can ma, ana hango ta."

Alƙali ya juya ya leƙa ta taga. Bas tana tsaye a karkace, an sa mata dutse a taya, hayaƙi na ɗan fita ta gaba.

"Waccan?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"To. Zauna tukuna."

Lauya ta yi bayaninta a taƙaice: amana ce, ga abin da aka ware ta dominsa, ga inda ta tafi, ga yarinya za ta rasa gurbi. Aka kira Baffa. Akawu ya rantsar da shi cewa zai faɗi gaskiya duka, ba ragi. Nan fa fuskar Baffa ta ɗan canza, don duk surutunsa mutum ne mai tsoron rantsuwa.

Lauya ta ce, "Baba, gaya wa kotu yadda kuka yi da marigayi."

An zo wurin da yake so. Ya gyara riga, ya juya yadda kowa zai gan shi. Ya kwatanta ɗakin asibitin, da gadon ƙarfe, da robar ƙarin ruwa. Ya kwatanta yadda yayansa ya kama hannunsa, hannun nan mai kanta saboda guduma da zarto. Har muryar ya kwaikwaya, ƙasa-ƙasa, a shaƙe.

"Ya ce da ni, 'Ƙanena, ga amanar Auta. Karatu nake so ta yi. Duk dangi kai na zaɓa.'"

Goggo ta share ido. Alƙali ya rubuta, ya ɗago.

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

Baffa ya waiga. Ya dubi akawun da ya rantsar da shi. Ya sosa ƙeya.

"Akwai ɗan ƙari, ranka ya daɗe. Ba mai yawa ba."

"Muna ji."

"Ya ce… 'Na zaɓe ka don ba ka sata. Amma na san ka. Kada ka juya kuɗin nan, kada ka haɗa su da dabararka. Ka bar su su yi barcinsu har yarinyar ta girma.'"

Wannan ƙarin, ba wanda ya taɓa jin sa a dangi. Shi kansa Baffa ya tsaya kamar yau ya fara ji. Ya dubi Auta a kan benci, hannunta duk baƙin mai, idonta a ƙasa. Sai ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Haka ya ce," ya maimaita a hankali. "Wallahi haka ya ce."

"Allah ya ji ƙanka, kafinta," in ji Goggo da ƙarfi. "Ko a gadon asibiti awonka bai kuskure ba."

Aka yi dariya, akawu ya ce a yi shiru, shi ma yana danne tasa.

Lauya ta ce ba ta da sauran tambaya. Alƙali ya ce shi ma aikinsa ya yi sauƙi. Ya yanke cewa a sayar da motar a gaban wakilin kotu, a biya makaranta kai tsaye. Abin da ya yi giɓi, Baffa zai cika daga fanshonsa wata-wata. Amanar kuma ta koma hannun Yaya.

"Kana da magana?" ya tambayi Baffa.

"Ranka ya daɗe, hukunci ya yi. Sai dai ina so a rubuta cewa ni na zaɓo musu lauyar."

"Kotu ta ji," in ji Alƙali, yana shafa gemu don kada a ga bakinsa.

Saura sayarwa, kuma nan hankalin Yaya ya sake tashi, don kwanaki sun ƙure. Direbobi suka zo suka duba suka tafi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, tun ranar rantsuwa gaskiya ta kama Baffa kamar zazzaɓi. Duk wanda ya zo saye, sai ya zagaya da shi yana nuna masa: nan tana yoyo, nan birki sai an yi addu'a, giya ta uku ba ta nan gaba ɗaya.

"Baffa, don Allah ka je ka sha shayi," in ji Yaya.

"'Yata, na rantse fa."

"A kotu ka rantse, ba a bakin titi ba!"

Ana cikin haka wani mai aski ya tsaya. An tashe shi daga shagon da yake haya, yana yawo da jakarsa. Ya shiga motar, ya zauna a kujera, ya danna ta da hannu, ya buɗe tagogi iska ta ratsa.

"Tana tafiya?" ya tambaya.

"Gaskiya ba ta tafiya," in ji Baffa.

"Ko kaɗan?"

"Sai in an tura. Shi ma sai mutum huɗu."

"Alhamdulillahi. Ni wadda ba za ta motsa ina riƙe da aska a wuyan mutum ba nake nema."

Makanike ya sayi injin da tayoyin daban, mai aski ya ɗauki gangar jikin da kujerun. Aka haɗa a gaban wakilin kotu, ya isa kuɗin shekarar farko har da na ɗakin kwana. Yaya ba ta bari kuɗin sun kwana ba. A daren jajiberin tafiya kekenta bai huta ba sai da farin yadin nan ya zama riga.

Ranar shiga makaranta duk suka tafi, a motar haya. Baffa ya hana kowa ɗaukar katifar Auta, ya naɗe ta ya ɗora a ka, babbar rigarsa na jan ƙasa. A bakin ɗakunan kwanan 'yan mata wata ma'aikaciya tana zaune da tebur tana karɓar sababbin ɗalibai. Ta duba sunan Auta, ta ce an biya, gurbinta na nan.

"Waye mai kula da ita? Ya zo ya sa hannu."

Baffa ya taka gaba, har ya miƙa hannu zai karɓi biro. Sai ya tsaya. Ya ja da baya, ya tura Yaya da gwiwar hannu, katifa na rangaji a kansa.

"Ga ta nan. Ni ɗan dako ne."

Yaya ta sa hannu. Auta ta durƙusa ta ce, "Baffa, na gode. Ka yafe mana."

"Tashi, tashi, kada ki ɓata farar riga. Ni ne mai neman yafiya, kuma ba a nan ba, mutane na kallo." Ya juya ga ma'aikaciyar. "Baiwar Allah, wane ɗaki ne namu? Wuyana ya fara sanƙarewa."

"Maza ba sa shiga, Baba."

"To shi ke nan," in ji Goggo. "Sauke mata kayanta."

Auta ta karɓi katifar, ta ɗora a kanta, ta bi layin 'yan mata ta shige ciki.